Amsa ga malamar ajin yara kan darasin tafiyar jeji

Salama gare ku duka cikin sunan Ubangiji. 'Yata, tun da safe na saurari saƙonki, sai yanzu na samu zama. Kin ce an ba ki ajin 'yan shekara 6 zuwa 10, kuna kan tafiyar Isra'ilawa cikin jeji, kuma ran Lahadi da kika ba su labarin macizan da Allah ya aiko wa mutanen saboda gunaguni, wata yarinya ta fashe da kuka, wai ita ma ta yi gunaguni a kan tuwo, ko Allah zai aiko mata da maciji. To, ki saurare ni da kyau.

Mu malamai mun saba mu ɗauki wannan labari mu mai da shi bulala. Masu gunaguni, masu taurin kai, suka mutu a jeji, kai ma in ba ka ji magana ba, ka ga abin da zai same ka. Ni ma haka aka koya mini, kuma na daɗe ina koyarwa haka. Amma ki buɗe Littafin Ƙidaya sura 14. Waɗanda aka ce ba za su shiga Kan'ana ba, 'yan shekara 20 ne zuwa sama, ban da Joshuwa da Kalibu. Yaran fa? Iyayen sun yi kuka cewa za a kwashe 'ya'yansu ganima, sai Allah ya ce a aya 31, ai waɗannan yaran su ne zai shigar da su ƙasar. Kin gani? Yaran da ke zaune a gabanki, tsaransu na cikin labarin, kuma su aka yi wa alkawari. Daga nan za ki kama.

Ki sa su zama yaran jejin. Ki ce, kai an haife ka cikin alfarwa, ba ka taɓa ganin Masar ba. Da asuba mamarka ta tashe ka, ku fita tsintar manna, abincin da Allah ke sauko muku da shi, kafin rana ta yi zafi ta narkar da ita. Fara ce, ɗanɗanonta kamar waina da zuma, Fitowa 16. Kowa mudunsa guda, omer suke kiransa. Wanda ya yi wayo ya ɓoye na gobe, sai ta yi tsutsa ta yi wari. Rana ta shida kuwa a tara na kwana biyu, kuma ba ta lalacewa, saboda Asabar. Ni nakan watsa gugguru a kan tabarma mai tsabta, kowane yaro da ɗan kofinsa, ya tsinci nasa kawai. Daga nan sai in tambaye su, wa ya san addu'ar da ta ce a ba mu yau abincin yini? Da kansu suke haɗawa.

Gunagunin ma kada ki ɓoye shi, amma ki bar su su ji dalilinsa. Ƙidaya 11, mutanen suna tuna kifin Masar, da kankana, da albasa, da tafarnuwa. Ki tambaye su, in shekara guda ba a sa albasa a miyar gidanku ba, me za ku ce? Za su yi dariya, amma za su gane mutane ne irinmu. Laifin ba jin yunwa ba ne. Laifin shi ne sun ce Allah ya fito da su ne don ya kashe su, bayan sun ga Bahar Maliya ta rabu da idonsu.

Wani abu kuma, 'yata, ki san yaran ajinki. A nawa akwai waɗanda iyayensu suka gudo daga ƙauye da dare, sun san tafiyar ƙasa, sun san ƙishi. Irin wannan yaro in kika ce masa jeji horo ne kawai, a ransa zai ce ashe mu ma horonmu ake yi. Shi ki nuna masa yadda Allah ya bishe su da girgije da rana, da wuta da dare. Ki kai shi Elim, maɓuɓɓugan ruwa 12 da itatuwan dabino 70. Ki karanta masa Maimaitawar Shari'a 8 aya 4, shekara 40 riga ba ta tsufa ba, ƙafa ba ta kumbura ba.

Kada ki cusa komai a Lahadi ɗaya. Manna rana guda, ruwa daga dutse rana guda, 'yan leƙen asiri 12 da nonon inabin da mutum biyu suka ɗauko a sanda, shi ma ranarsa. Wannan kam, yara na son yin wasan kwaikwayonsa.

Ita kuma yarinyar nan, kada ki jira Lahadi. Ki je gidansu, ki zauna da ita gaban mamarta, ki ƙarasa mata labarin, don a tsakiya ta tsaya. Musa ya yi addu'a, aka ɗaga macijin tagulla a kan sanda, duk wanda aka sara ya duba sai ya rayu. Ki buɗe mata Yahaya 3 aya 14, ta ji Yesu da kansa ya ambaci wannan maciji da Musa ya ɗaga, sai ku gangara tare har aya 16. In kin dawo ki kira ni, ina so in ji abin da ta ce.