Kyamarar mota da zafin bazara

Malam, ka ce kyamararka tana mutuwa da rana tsaka. Tawa ma haka ta yi a Sakkwato cikin Afrilu, har batirin ya kumbura. Idan zafi ya kai digiri 42 a waje, saman dashbod na wuce 70, batirin litiyam kuwa ba ya jure wannan. Nemi kyamara mai kafasita (wani abin ajiye wuta da ya fi jure zafi) maimakon batir.

Kafin nan, in za ka ajiye motar a rana, cire kyamarar ka sa a aljihun gaban motar, ka rufe gilashin da abin tare rana. Roban da ke tsotse gilashi ya riƙe kyamarar ma kan saki in ya yi zafi, mai gam ya fi riƙewa. Memori kuma sayi wanda aka yi don ɗaukar bidiyo ba tsayawa, na waya saurin lalacewa yake.