Amsa kan zaɓen kwamfutar aiki ga mai zanen gine-gine

Malam, ka tambaya ko ya fi dacewa ka sayi babbar kwamfutar aiki irin su Dell Precision, HP Z ko Lenovo ThinkStation mai firosesar Xeon ko Threadripper Pro, ko kuwa ka tsaya a kan wadda ta fi araha, tunda aikinka zanen gine-gine ne a manhajojin AutoCAD da Revit, sai kuma renda, wato fitar da hoton ginin kamar na gaske, jefi-jefi. Na daɗe a wannan sana'a, na kuma yi aiki da nau'o'in biyu. A ganina, kuɗin da ake ƙarawa a kan babbar kwamfutar aiki juriya yake saya da sararin faɗaɗawa da kulawar kamfani, ba lallai ne ya sayo sauri ba.

Inda mutane suka fi ruɗuwa shi ne yawan cibiyoyin sarrafawa da ke cikin firosesa. Threadripper Pro 7995WX da AMD ta fitar a 2023 yana da cibiyoyi 96, adadin da ke ɗaukar hankalin duk wanda ya gani, amma AutoCAD da Revit suna gudanar da mafi yawan aikin zane da gyare-gyare a kan cibiya ɗaya ne, domin kowane mataki yana jiran sakamakon wanda ya gabace shi. Saboda haka firosesa ta yau da kullum irin Ryzen 9 ko Core i7 mai ƙarancin cibiyoyi amma kowace cibiya tana da gudu sosai yakan fi saurin amsawa idan kana juya gini ko gyara bango, alhali sauran cibiyoyin babbar firosesa suna zaune babu aikin yi. Cibiyoyi masu yawa suna biyan kuɗinsu ne a renda da firosesa ke yi, ko a lissafin injiniya mai nauyi da ake iya rarrabawa. Kafin ka kashe ko sisi, ka buɗe Task Manager, manhajar Windows da ke nuna yadda kowane ɓangare ke aiki, kana aiki a kan fayil ɗinka mafi girma, ka lura da abin da ke cika: cibiya ɗaya ce, ko RAM (inda kwamfuta ke riƙe bayanan da take aiki da su a lokacin), ko katin hoto. Abin da ya cika shi ne wurin da ya cancanci kuɗinka.

A mafi yawan ofisoshin da na gani, RAM ce ke fara cika. Da zarar ta ƙare, kwamfuta takan koma ajiye bayanai a ma'adana, wato faifan ajiyar fayiloli, nan take komai ya yi nauyi ko da wace irin firosesa aka saka. Ga aikinka, 32 GB shi ne mafi ƙaranci, 64 GB kuma shi ne inda hankali ke kwanciya idan kana haɗa fayilolin gini da na lantarki da na famfo a wuri guda. Threadripper Pro yana da hanyoyin RAM 8 da layukan PCIe 128 na haɗa katunan hoto da ma'adanai, yayin da Ryzen da Core na yau da kullum ke da hanyoyin RAM 2 kacal. Wannan bambanci ne na gaske, sai dai mai buƙatar ɗaruruwan GB ko katunan hoto da yawa ne ke cin moriyarsa. Haka RAM mai ECC, wadda ke gano ƙaramin kuskure ta gyara shi da kanta: tana da amfani ga lissafin da ke gudana kwanaki ba tsayawa, amma ban taɓa ganin ta rage wa mai zane lokacin aiki ba.

Batun katin hoto ya danganta da manhajar renda. Revit kansa ba ya cin katin hoto sosai, amma manhajojin renda irin Enscape da Lumion da Twinmotion a kan katin suka dogara, kuma girman RAM ɗin katin ne ke iyakance girman ginin da za su ɗauka. Katin ƙwararru RTX 6000 Ada yana da 48 GB, katin yau da kullum GeForce RTX 4090 yana da 24 GB, duk da cewa tushensu ɗaya ne. Fifikon katin ƙwararru shi ne wannan girma da direbobi, wato manhajojin da ke tafiyar da katin, waɗanda kamfanonin manhaja suka gwada suka amince da su, wanda ke da muhimmanci ga masu amfani da manhajojin zanen injiniya irin SolidWorks ko Catia. A naka aikin, GeForce mai 16 GB ya wadatar. Ma'adana kuwa ta zama NVMe, nau'in mai saurin gaske, babu wata doguwar magana a kai.

Garanti ne ba na so ka raina. Manyan kamfanonin kan bayar da na shekara 3, wani lokaci har da turo mai gyara wurin aikinka, kuma ga wanda ranar miƙa zane ke gabansa, kwamfutar da ta mutu na mako guda ta fi bambancin farashi tsada. Idan kai ka haɗa kwamfutar da kanka, kai ne mai binciken ɓangaren da ya lalace. Idan kuma tsohuwa za ka saya, ka tabbatar tana karɓar Windows 11, domin Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025. Mac Studio ta kamfanin Apple na'ura ce mai kyau, amma Revit ba ya aiki a macOS, tsarin da take gudana a kai, kuma ba a ƙara mata RAM bayan an saya.

Da ni ne, zan ɗauki matakin farko na kwamfutocin aiki, irin HP Z2 Tower ko ThinkStation P3, masu firosesar Core mai gudu da garantin kamfani, in saka 64 GB a gurbi biyu in bar biyu don gaba. Ka tambayi ƙarfin akwatin wutarta tun kafin biya, domin wasu kamfanoni kan saka nasu na musamman wanda ba zai ɗauki babban katin hoto ba idan ka so canzawa daga baya.