Ku Tambayi Anti: Ina farawa ina bari

Tambaya: Salam Anti, ni uwa ce a Garwa, yara uku ga ɗan shago a kasuwa. Kullum sai in fara motsa jiki, sati ɗaya in watsar, wallahi har na fara jin haushin kaina. Ya zan yi in ɗore?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki daina jin haushin kanki dan Allah, matsalar kina ɗaukar abin da yawa ne lokaci guda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 a sati, wato minti 30 sau biyar kenan, kuma ba dole sai a jere ba, goma da safe goma da yamma duk lissafi ne. Tafiya da sauri ma ta wadatar, irin wadda numfashi zai ɗan hau amma kina iya magana.

Ki liƙa shi jikin abin da kike yi dama, misali bayan sallar asuba kafin yara su tashi, balle zafin Garwa a Maris da Afrilu da yake wuce digiri 40, wa zai fita da rana? Ko in kin raka su makaranta ki dawo da ƙafa maimakon hawa babur, kuɗin ma ya huta.

Ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi kika fasa, to kin fasa, gobe ki yi ko minti biyar ne, kar dai ki ce sai Litinin. Ki nemo maƙwabciya ku dinga fita tare, kunyarta kaɗai za ta tashe ki.

In jego kike ko an miki tiyata, ki fara tambayar likita tukun.