Amsa ga ɗan'uwan da ya yi tambaya kan raunin mazakuta

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na karanta tambayar da ka turo ba suna. Ka ce shekarunka 43, watanni ke nan gabanka ba ya miƙewa yadda ka saba, in ma ya miƙe sai ya kwanta ana tsaka da abu. Ka sha maganin basir da na sanyi har ka gaji, iyali kuma ta fara zargin ko aure kake shirin ƙarawa. Kana son sanin ko asibiti na da abin yi, da kuma bakin da za ka faɗa wa likita.

Na ga wasu har sun fara jero maka lambobin masu magani. Ni ba likita ba ne, amma na girme ka, kuma wannan hanya na bi ta da ƙafata a nan Kaduna. Shawarata ita ce kafin ka sake haɗiyar komai, ka je a auna maka sukari da hawan jini.

Dalili kuwa, miƙewar gaba aikin jini ne. Sha'awa tana tasowa daga ƙwaƙwalwa, jijiyoyi su kai saƙo, hanyoyin jinin wurin su buɗe, jini ya cika ya tsaya. Duk abin da ya taɓa hanyar jini ko jijiyar saƙo zai nuna a can: ciwon sukari, hawan jini, kitse a jini, taba, ƙiba. Likitan da ya duba ni ya zana min a bayan takarda, ya ce faɗin hanyar jinin gaba milimita 1 zuwa 2 ne, ta zuciya kuwa 3 zuwa 4. Kamar bututun famfo ne, siriri shi ke riga toshewa. Shi ya sa wani lokaci wannan rauni kan riga ciwon zuciya bayyana da shekara 2 zuwa 5. Wannan maganar ita ta fi tsaya min a rai, don mu a nan abin kunyar muke gani, alhali jiki ne yake buga mana ƙararrawa.

Ni nawa sukari ne. Ina yawan tashi fitsari da dare, ga ƙishi, ga kasala, amma duk na ɗora wa zafin gari da gajiyar aiki. Da aka auna ni da safe ban ci komai ba, awon sukarina ya zarce 126 nesa ba kusa ba, alhali daga 126 ake cewa mutum ya kamu in an maimaita awon ya tabbata. Shekaru yana cin jijiyoyina a ɓoye, kuma ta wannan ƙofar ya fara leƙowa.

Maganar basir kuma, ka yi haƙuri in faɗa maka gaskiya. Ka tsaya a tashar Kawo ko bakin Kasuwar Bacci ka saurari masu lasifika, komai basir ne, komai dattin mara ne. Basir ciwo ne na gaske, kumburin jijiyoyin jini ne a dubura, yana da maganinsa, amma ba shi ke hana gaba miƙewa a mafi yawan maza ba. Abin da ya fi ɗaga min hankali shi ne jiƙe-jiƙen cikin gora da garin da ake ƙullawa a leda. Hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta sha gargaɗi a kan irin waɗannan haɗe-haɗe, kuma an sha samun wanda aka daka ƙwayar Bature aka zuba a ciki, a ce maka saiwa ce zalla. Ba ka san me ka sha ba, ba ka san yawansa ba.

Ita ƙwayar kanta, wato sildenafil da aka fi sani da Viagra, magani ce ta gaskiya. An amince da ita a Amurka a 1998, kuma asalinta don ciwon ƙirji aka fara gwada ta. Akwai 'yar'uwarta tadalafil da kan kai awa 36 tana aiki. Suna taimakon maza da yawa, ni ma an rubuta min bayan an daidaita sukarina. Sai dai ba sa haifar da sha'awa, ba sa warkar da tushen ciwon, kuma duk mai shan maganin ciwon ƙirji irin su isosorbide ko wanda ake sakawa ƙarƙashin harshe, in ya haɗa da su jininsa na iya faɗuwa warwas har ya kai ga rasa rai. Don haka ba abin da za ka miƙa wa yaron kemis kuɗi da dare ka ce "ba ni na maza" ba ne. In kuma gaba ya miƙe ya ƙi kwanciya har awa 4, a garzaya asibiti a daren, musamman mai sikila, don jinkiri na iya kashe wurin gaba ɗaya.

To, da wane baki za ka faɗa? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka je sashen ganin likita na yau da kullum a asibitin Barau Dikko, ko Yusuf Dantsoho a Tudun Wada, ko Gwamna Awan a Kakuri, duk wanda ya fi maka kusa. Ka yanki kati, in ka shiga ka ce, "Likita, ina da matsala wajen kusantar iyali." Shi ke nan, shi zai ja maganar. Ni na ɗauka zai ɗago kai ya kalle ni, wallahi ko biro bai ajiye ba, sai ya ce, "Tun yaushe?" In ka fi sakewa da likita namiji ka nema, ba laifi ba ne. In abin ya buƙaci ƙwararre, za a tura ka wajen likitan mafitsara, a nan ko asibitin koyarwa na Shika a Zariya.

Akwai tambayar da tabbas zai yi maka: da asuba kana farkawa ka tarar ya miƙe? In yana miƙewa da asuba sai a gaban iyali ne yake ƙi, galibi damuwa ce ko fargaba. Sau ɗaya abin ya ƙi, sai mutum ya shiga ɗaki yana jiran ya sake ƙi, shi kuwa tsoro da miƙewa ba sa haɗuwa. Bashi, rashin barci, rigimar gida, duk suna ciki. In kuma a hankali ya riƙa raguwa har na asubar ma ya ɗauke, an fi zargin jini ko jijiya. Zai iya sa a auna kitse da aikin ƙoda, wani lokaci da sinadarin maza na testosterone, wanda da safe ake ɗibar jininsa.

Ka faɗa masa duk abin da kake sha, kada ka rage. Wasu magungunan hawan jini da na ciwon damuwa suna kawo wannan rauni, kuma likita na iya canza maka, amma kada ka daina da kanka. Samarinmu da ke karantawa, tramadol da kodin da kuke cewa suna ƙara daɗewa, a ƙarshe su ne ke kashe sha'awar su rage sinadarin maza.

Sai maganar iyalinka, wadda ita ta fi damuna a tambayarka. Baiwar Allah tana ganin ka juya mata baya kana ƙirƙirar gajiya, dole zuciyarta ta raya mata abubuwa. Ka zaunar da ita ka ce, "Ba ke ba ce, jikina ne, kuma zan je asibiti." Lokacin da na faɗa wa mai ɗakina, kuka ta yi, ta ce ta ɗauka ta fita raina ne. Daga baya ita ce ta rage min tuwo da shayi mai sukari, ita ke tashina in taka bayan sallar asuba.

Ba zan ce maka na koma ɗan shekara 25 ba, amma da sukari ya sauka, tumbi ya ragu, tafiyar rabin awa ta zama jiki, alhamdu lillahi an samu sauƙi sosai. Ranar da za ka je, ka tafi da sassafe ba ka karya ba saboda awon sukari, ka zuba duk magungunan da ka sha a leda, har da gorar nan, ka ajiye wa likita a kan tebur ya gani. Allah ya ba ka lafiya.