Kun Tambaya: Me ya sa ƙanƙarar wani tsauni ke ƙaruwa, ta wani kuma na ƙarewa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyar da labarin ƙasa a sakandare, ɗalibai kuma sun ƙure ni da wata tambaya. Sun ce in dai duniya ɗumama take yi, ta yaya kogunan ƙanƙara na ƙasar Norwe suka ƙara tsawo a shekarun 1990? Daga wani malami, Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Yaran naka sun yi tambaya mai kyau. Kogin ƙanƙara dusa ce da ta yi ta taruwa a kan tsauni shekara da shekaru, ta danƙare, nauyinta ya sa tana gangarowa a hankali. Lissafinsa irin na asusu ne: abin da ya zuba da hunturu shi ne ajiya, abin da ya narke da zafi shi ne cirewa. Zafi cirewa yake ƙarawa. Ita kuwa ajiya, iska ce ke kawo ta, hanyar da iskar za ta bi kuma daga can nesa ake tsara ta.

A arewacin tekun Atlantika, matsin iska kan yi ƙasa a wajen Aisalan, ya yi sama a wajen tsibiran Azores. Ratar da ke tsakanin matsin wuraren biyu takan buɗe ta kuma tsuke, abin da masana ke kira NAO. Idan ta buɗe sosai, iskar yamma takan yi ƙarfi ta karkata arewa, ta kwaso danshin teku ta jibge shi a tsaunukan yammacin Norwe. Haka aka yi ta yi a yawancin hunturun 1989 zuwa 1995. Abin da zai ba ɗalibanka mamaki shi ne hunturun waɗancan shekarun ya fi na kullum ɗumi. Sai dai sanyi na ƙaruwa da kimanin digiri 6.5 a duk hawan mita 1,000, don haka abin da ya sauka ruwa a bakin teku, dusa ya sauka a sama. Kogin Briksdalsbreen ya miƙe har ya rufe tafkin da ke gabansa. A daidai lokacin kuma Sifaniya da sauran kudancin Turai fari suke kuka da shi, domin hadarin da ya kamata ya biyo ta kansu ya yi arewa. Bayan shekarar 2000 zafin bazara ya rinjayi ajiyar, Briksdalsbreen ya ja da baya, tafkin ya sake bayyana.

Tambaya: Na ji ana cewa El Nino na shafar ƙanƙarar Kilimanjaro. Me ya haɗa tekun Fasifik da dutsen Tanzaniya? Daga wata ɗaliba, Maradi.

Amsa: Malama, El Nino ɗumamar ruwan gabashin tekun Fasifik ce da kan zo duk bayan wasu shekaru. Akwai alaƙa, amma a ganinmu an fi ba shi suna fiye da aikinsa a nan. Tekun Indiya ne ya fi ruwa da tsaki. Akwai shekarun da ruwan yammacinsa, ta gefen Kenya da Tanzaniya, kan yi ɗumi, na gefen Indunusiya kuma ya yi sanyi. A irin wannan shekara danshi kan kwararo Gabashin Afirka, gajeruwar damina ta Oktoba zuwa Disamba ta yi ƙarfi. An ga haka a 1997 da 2006 da 2019. Na 1997 ya haɗu da El Nino mai ƙarfi, shi ya sa ake yawan gwama su.

A ƙololuwar Kilimanjaro, mita 5,895, iska ba ta cika ɗumin da zai narkar da ƙanƙara ba. Rana da busasshiyar iska ne ke cinye ta, wani sashe ma tururi yake zama kai tsaye. Garkuwarta ita ce farin launi: sabuwar dusa na mayar da kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na hasken rana, tsohuwar ƙanƙara mai dauɗa kuwa ko rabi ba ta mayarwa. Saboda haka dusa 'yar kaɗan da ke zuba a kai a kai ta fi zubowa ɗaya mai yawa amfani. Duk da waɗannan shekaru masu albarka, dutsen ya rasa kusan kashi 85 cikin 100 na ƙanƙararsa tsakanin 1912 da 2007.

A Bolibiya kuwa El Nino ɓarna yake yi, fari da zafi yake kawowa a lokacin da ya kamata dusa ta zuba. Kogin ƙanƙara na Chacaltaya ya sha wuya a 1997 zuwa 1998, ya ɓace gaba ɗaya a 2009. Har hamadarmu na da hannu a wani wurin: a Maris 2022 iskar kudu ta kai ƙurar Sahara tsaunukan Alps na Turai bayan hunturu mai ƙarancin dusa, farin dusar ya dushe, zafi ya biyo baya, Suwizalan ta rasa kimanin kashi 6 cikin 100 na ƙanƙararta a shekara guda.

Tambaya: Ta yaya ake auna dusar da ta taru? Daga wani mai karatu, Kumasi.

Amsa: A ƙarshen hunturu, wajen Afrilu ko Mayu a Turai, ana bin kogin daga ƙasa zuwa sama da doguwar sandar ƙarfe, ana soka ta har ta taɓa tsohon daɓen bara, wato ƙanƙarar da sabuwar dusa ta zuba a kai. Zurfi kaɗai ba ya wadatarwa, don dusa ta bambanta a nauyi. Sai a haƙa rami, a yanki dusa da bututu mai sanannen girma daga kowane mataki, a ɗora a sikeli. Misali, dusa mai zurfin mita 3 da nauyin kilo 450 a kowace mita mai fuska shida, wato murabba'in mita ɗaya mai tsayin mita ɗaya, daidai take da ruwa mai zurfin mita 1.35. Ana kuma kafa sanduna a cikin ƙanƙarar, a dawo a watan Satumba a ga yadda suka fito, don a san yawan abin da ya narke. A kogin Storglaciären na Suwidin tun 1946 ake wannan aiki.

Kuskure ya fi zuwa daga sandar. Idan ɗumi ya ratsa tsakiyar hunturu, ruwa kan tsatsa cikin dusa ya sake daskarewa ya yi ɓawo, sandar ta tsaya a kansa, mai awo ya zaci daɓen bara ne, ya rubuta ƙasa da gaskiya. Maganinsa a gwada da abin da ramin ya nuna. Iska ma takan share dusa daga tudu ta tara a kwari, shi ya sa ake soka sanda a wurare da yawa, wani lokaci fiye da ɗari. Gwangwanin awon ruwan sama kuwa kada a dogara da shi a kan tsauni, domin iska na wucewa da dusar ta saman bakinsa.