Ruwan Jakara ya yi garau, in ci gaba da ban ruwa da shi?

Tambaya: Injiniya, ina noman latas da kabeji a gefen kogin Jakara a Kano, kafin ya shiga madatsar Wasai. Ina tara ruwan a rami, in zuba alam, ya kwana ya yi garau. Yarana biyu ke tayani ban ruwa, kwanan nan ƙafafunsu suna ta ƙaiƙayi da tsagewa. Hankalina ya tashi. Wani ya ce in ƙara kulorin kawai. Haka ne?

Amsa: Malam, ka fara cire yaran nan daga cikin ruwan yau, a kai su asibiti, a saya musu dogon takalmin roba.

Abin da kake yi a raminka mataki na farko ne kawai, wato kwantar da laka. Ingantacciyar matatar ruwan datti tana bi da shi ta tafkin da ake hura iska, ƙwayoyin halitta su cinye ƙazantar, sannan a rage naitrojin da fosfaros, waɗanda ke sa kainuwa ta rufe dam kifi ya rasa iska, a tace da yashi, a kashe cuta da kulorin ko hasken UV. Ƙaramin gari ma zai iya da jerin tafkuna, in akwai fili.

Amma ga inda nake son ka tsaya. Kullum sai na ji wani ya ce ai ruwa mai gudu yana wanke kansa, ko in ya yi fari shi ke nan. Wannan magana ta gajiyar da ni. Jakara ba ruwan kwatar gidaje kaɗai yake ɗauke da shi ba, rafin Getsi na zuba masa na masana'antun Bompai, kamar yadda rafin Salanta ke kai na Sharaɗa cikin kogin Challawa. Kamfanonin jima suna aiki da kuromiyam, ga dalma da kadmiyam daga wasu sana'o'in. Ƙarfe ne, ba rai gare shi ba, to me kulorin zai kashe? Ka tafasa, ruwa ya tafi a tururi, ƙarfen ya zauna a tukunya ya ƙara yawa. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa kuromiyam a ruwan sha miligiram 0.05 ne a lita, abin da ido ba ya gani, hanci ba ya ji. Wasu har su kawo mini hukuncin launi da ɗanɗano da wari. Wancan na tsarkin alwala ne, malamai suka san shi, ƙoda ba ta aiki da shi. Masu yawo da gari a leda suna cewa yana "kashe kemikal" kuwa, ka tambaye su ina kemikal ɗin ya tafi.

A bakin masana'anta ake cire kuromiyam, da sinadarin da ke sa shi ya kwanta, kafin ya taɓa lambatu. Dokar NESREA, hukumar tarayya mai kula da dokokin muhalli, ta wajabta hakan, sai dai takarda ba ta tace ruwa.

Baƙar lakar gindin raminka kada ka watsa ta a gona da sunan taki, nan gubar da ta kwanta take taruwa. Ku haɗa kuɗi da maƙwabtanka, ku kai ruwan da ƙasar gonar ɗakin gwaji, ku ce ƙarafa masu nauyi za a duba. Kafin sakamako ya fito, ka dakata da latas, tunda ɗanye ake cinsa.