Wai waye mai Duolingo, kuma da me yake cin abinci tunda kyauta ce?

Tambaya: Salam Malam. Na gama digiri a kimiyyar kwamfuta ina jiran bautar ƙasa, kuma burina in haɗa manhajar koyon Turanci don masu jin Hausa. Na ga Duolingo, manhajar koyon harsuna, kyauta ake amfani da ita amma ana cewa mai ita hamshaƙi ne. Waye shi, ta ina ya faro, kuma ina kuɗin ke fitowa?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa a yi bautar ƙasa lafiya. Sunan mutumin Luis von Ahn, ɗan ƙasar Gwatemala ne, an haife shi a 1978, mahaifiyarsa likita ce. Shi fa ba malamin harshe ba ne ko kaɗan, lissafi ya karanta a jami'ar Duke da ke Amurka, ya gama a 2000, daga nan ya wuce Carnegie Mellon ya yi digirin digirgir a kwamfuta ya kammala a 2005.

Kuma ka taɓa haɗuwa da aikinsa tun kafin ka san Duolingo. Ka san karkatattun haruffan nan da ake cewa ka kwafa kafin a bar ka ka buɗe imel ko ka cike fom, waɗanda wani lokacin sai ka yi sau uku kana tsaki? To CAPTCHA kenan, yana cikin waɗanda suka ƙirƙiro ta yana ɗalibi. Daga baya sai abin ya dame shi, ya lissafa cewa ana cike wajen miliyan 200 a kullum, kowanne daƙiƙa 10, wato sama da awa 500,000 na rayuwar mutane ke tafiya a banza duk rana. Shi ne a 2007 ya fito da reCAPTCHA: ana nuna maka kalmomi biyu, ɗaya kwamfuta ta san ta, ɗayar kuma an ciro ta ne daga tsohon littafi ko tsohuwar jarida da na'ura ta kasa karantawa, kai kana ganin ƙofa kake buɗewa ashe aikin kwafi kake yi musu ba ko sisi. Da haka aka shigar da tsofaffin fitowar jaridar New York Times cikin kwamfuta. Google ta saye ta a 2009.

To ka riƙe wannan dabarar, don ita ya ɗauko ya kawo Duolingo, wadda ya kafa a 2011 tare da ɗalibinsa Severin Hacker ɗan Suwizalan, aka buɗe wa kowa a 2012. Tsarin farko shi ne kai kana koyon Turanci kyauta, jimlolin da kake fassarawa kuma na labarai ne na gaske, sai kamfani ya sayar da fassarar. Kafafen labarai na CNN da BuzzFeed duk sun biya. Jifa ɗaya tsuntsu biyu, a takarda abin ya yi kyau matuƙa, amma suka gane kasuwar fassara ba za ta kai su inda suke so ba, suka watsar da ita. Ni a wurina nan ne labarin yake, dabarar da ya fi alfahari da ita ya ajiye da ya ga ba ta biya, ya koma abin da kowa ke yi.

Yanzu yawancin kuɗin ta hanya uku yake shigowa. Talla ga masu amfani kyauta, kuɗin wata ga waɗanda ba sa son tallar (su ne 'yan kaɗan amma su ke kawo kaso mafi tsoka), sai jarrabawar Turanci da ake zanawa a gida da kwamfuta mai kyamara, wadda jami'o'i da yawa ke karɓa. Ita wannan daga wahalar da ya sha ta fito, don ya sha ba da labarin cewa lokacin da yake neman gurbin karatu a Amurka kujerun jarrabawar Turanci ta TOEFL sun cika a Gwatemala, sai da ya hau jirgi zuwa El Salvador. A 2021 suka shiga kasuwar hannun jari ta Nasdaq.

Abin da nake so ka lura da shi tunda kai ma hanyar ka nufa, darasi ba shi ne mai wuyar ba, wuyar ita ce mutum ya dawo gobe. Shi ya sa suke ƙirga maka kwanakin da ka jera ba fashi da ɗan hoton wuta, ka tsallake rana a maida ka sifili, ga mujiyar nan koriya tana bin ka da saƙo har dare (mujiya fa, mu nan da ta yi kuka a kan katanga sai tsofaffi su hau addu'a, su kuma ita ce tambari). Akwai masu sukar cewa wasan ya fi karatun yawa, kuma ina ganin gaskiyarsu, mutum zai jera kwana 300 amma ka tsayar da shi ku yi hira ya kama inda-inda. A 2025 ma ya sha caccaka da ya ce ƙirƙirarriyar basira za ta karɓi wasu ayyukan 'yan kwangila.

Suwahili na ciki tun 2017, Zulu ya shiga a 2022, Hausa babu, don haka filin a buɗe yake. Sai dai kar ka kwafi tsarinsu kai tsaye, talla a nan ba ta biya kamar can, kuma wanda kake son koya wa data yake saye ta ɗari biyu, wani ma murya ya fi ganewa a kan rubutu. Kafin ka rubuta layi ɗaya na manhaja, tara mutum 30 a WhatsApp ka riƙa tura musu darasin murya na minti biyu kullum har wata guda, ka ƙirga nawa ne suka rage a rana ta 30.